Itace, Ƙauri da Kwana Arba'in: Tarihin Zaman Aure Bayan Haihuwa a Damagaram

A shekarar 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder suka mai da shi Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka bayar. Garin Zinder a kan duwatsu yake zaune, rijiyoyinsa ba su cika ƙosar da jama'a ba, har yau ƴan garuwa ba sa rasa ciniki a unguwannin Birni da Zango da Sabon Gari. Amma a wannan garin ne, tun kafin Bature ya san hanyarsa, macen da ta haihu take wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in. Wani ke ɗebo ruwan, wani ke biyan kuɗin itacen, wata kuma ke tashi tun asuba ta hura wutar. Wanda ya bi sawun waɗannan mutane zai ga yadda Damagarawa suka tsara zaman miji da mata a lokacin da aure ya fi shan girgiza, wato watannin da ke biyo bayan zuwan jariri.

Damagaram ba ta kai Kano ko Katsina tsufa ba. A farkon rabin ƙarni na 18 aka kafa ta, daga zuriyar wani malami da asalinsa ke komawa Barno, kuma ta daɗe tana kai gaisuwa ga sarakunan can. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazaunin sarauta. Ɗansa Tanimun, wanda ya riƙe ƙasar kimanin shekara talatin har zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa, ya buɗe wa fatake ƙofa. A waje, cikin Zango, Abzinawa da fataken Hausa da Larabawan Gadamas da Tarabulus suka kafa gidajensu. Auratayya ta haɗa waɗannan mutane, al'adun ɗakin haihuwa ma suka cakuɗa. Wankan jego da kunun kanwa irin na sauran ƙasar Hausa ne, gwanintar turaren wuta da humra kuwa an fi danganta ta da matan Barebari.

Sana'ar manyan garin tafiya ce. Tsakanin Zinder da Kano akwai kimanin kilomita 240, tafiyar kwanaki da jaki ko raƙumi, zuwa Agadas da Gat da Tarabulus kuwa sai a share watanni. Talaka ma da ya gama girbi yakan ɗauki sandarsa ya tafi cin rani, almajiri ya bi malaminsa gabas. Namiji na iya barin matarsa da cikin wata biyar, ya dawo ya tarar jariri har ya fara zama. Al'ummar da haka rayuwarta take ba za ta rataya lafiyar mai jego a kan kasancewar miji a gida ba. Sai ta dogara da abu biyu da ba sa bin ayari: tsofaffin mata, da haƙƙoƙin da ke kan miji ko yana nan ko ba ya nan, waɗanda in ya yi nisa mahaifinsa ko wansa zai sauke a madadinsa.

Goyon ciki

Shirin yakan fara tun ciki na wata bakwai. Idan haihuwar fari ce, iyayen yarinya sukan aiko wata dattijuwa, gwaggo ko inna, ta nemi iznin tafiya da ita gida goyon ciki. Ba a tarar miji da maganar kai-tsaye, domin kunya ba za ta bar shi ya nuna ya san da cikin ba. Da mahaifiyarsa ko uwargidan gidan ake gamawa. Amaryar da aka kai tana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar ba ta san naƙuda ba, kuma a gidan surukai ba za ta iya buɗe baki ta ce ga inda ke mata ciwo ba. A gaban uwarta kuwa ko ba ta faɗa ba za a gane. Akwai kuma abin da ba a cika furtawa ba: in gidan da kishiya, hankalin iyaye ya fi kwanciya ƴarsu ta sauka a hannunsu.

Ranar haihuwa ba ta da gurbin namiji. Mace takan haihu a durƙushe, ana son ta daure ba tare da ihu ba, ungozoma kuma aikinta ya fi yawa bayan an sauka, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta ɗora ruwan wankan farko. Angon ƙarni yana zaure ko kasuwa ko gona, can za a aika yaro ya gaya masa an sauka lafiya. In ɗan fari ne sai ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba, abokai su yi ta zolayarsa. Ita ma uwar ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ce ke ɗauke shi bayan yaye. Masu al'adar sun ɗauki wannan alamar tarbiyya, suna kuma nuna cewa yaro na dangi ne gaba ɗaya, nauyinsa bai tsaya a kan yara biyun da suka haife shi ba.

Abin da ke wuyan maigida

Rashin shiga ɗaki bai sauke wa miji komai ba. Tun kafin watan haihuwa ya kama ake sa ran ya tara itacen wanka, gumagumai masu riƙe wuta, har su yi tsibi a tsakar gida inda kowa zai gani. Shi ke kawo gero da kanwa da kayan yaji irin su citta da kanumfari da masoro da kimba. Kwana uku ko huɗu da haihuwa ya sayo ƙauri, ƙafafun sa ko kai, a babbake a dafa da yaji, mai jego ta ci, a rarraba wa dangi da maƙwabta. Ran bakwai kuma ga ragon suna, ga goro, ga ladan liman da wanzami da ungozoma, ga turmin zanen fitar suna. A mazhabar Malikiyya da malaman Damagaram ke bi, dabba ɗaya ta wadatar, namiji aka haifa ko mace.

Da waɗannan kaya miji ke nuna tausayin da kunya ta hana shi furtawa. Matan da suka zo barka suna duban tsibin itace, suna duban yawan nama, kuma abin da suka gani zai zaga unguwa kafin la'asar. Mutumin da ya bar surukarsa tana roƙon itace a maƙwabta ya jawo wa gidansu abin faɗa da za a tuna har ranar da ƙaninsa zai je neman aure. Saƙon da tsohuwa ke aikowa zaure gajere ne, "a gaya wa Malam itace ya yi ƙasa", amma kowa ya san nauyinsa.

Shi kansa wankan ya ginu ne a kan fahimtar da mutanen da suka yi wa jiki. Sun ɗauka mai jego ɗanya ce, jikinta a buɗe yake, in sanyi ya shige ta zai zama kumburi ko ciwon da ba ya jin magani, don haka dole a gasa ta. Ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ƙullin ganye a riƙa fyaɗa mata a jiki. Yau ganyen dogon yaro aka fi sani, amma wannan itace baƙo ne, zamanin Turawa aka kawo shi daga ƙasar Indiya. Kafin shi da ganyen itatuwan daji irin su runhu da sabara ake yi. Bayan wanka sai kunun kanwa mai zafi, don ya wanke ciki ya kawo nono. Kanwa ba ta yi wa Damagaram wuya ba, domin daga gabashinta ake haƙo ta, a ƙasar Manga da Muniyo da gaɓar tafkin Chadi, fatake su yi kudu da ita zuwa Kano.

Cikin waɗannan kwanaki mai jego ba ta daka, ba ta girki, ba ta zuwa rijiya, an kuma cire ta daga rabon kwana. Macen karkara da ke aiki daga asuba har dare ba ta da wani hutu a rayuwarta da ya kai wannan. Miji yakan zo da yamma, ya tsaya a zaure ko bakin ƙofa, ya gaida surukai a durƙushe, a miƙo masa jariri ya tofa masa addu'a.

Da arba'in ta ƙarato sai aikin tsofaffi ya juya daga jinya zuwa gyara. A yi mata kitso da lalle, a turara tufafinta, a ba ta abubuwan ci da sha da mata ke gada daga iyayensu, a kuma zaunar da ita a yi mata faɗa kan haƙuri da tsafta da yadda za ta haɗa kula da miji da goyo. Sannan a raka ta ɗakinta da gara, wato gero da man shanu da daddawa da kuka da yaji, gwargwadon ƙarfin iyaye. Mai haihuwar fari takan wuce arba'in a gida, wani lokaci har watanni. Komawar ƙaramin biki ce, don miji da mata su sake haɗuwa cikin ɗoki bayan jiki ya warware.

Tsakanin nono da shimfiɗa

Inda al'adar ta fi gwada aure shi ne bayan komawa. Tsofaffi sun yi imani cewa idan mai shayarwa ta koma shimfiɗar mijinta ta yi ciki, nononta ya lalace, yaron da ke goye zai kama zawo ya rame. Ana kiran wannan kwanika ko rurrutsa, kuma abin kunya ne ga mace da mijinta duka. Baba mutuniyar Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau mai asalin Barebari da ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, ta bayyana cewa a zamaninsu mace kan nisanci miji har ta yaye, kimanin shekara biyu. Ba kowane gida ne ya cika wannan wa'adi ba, amma da shi ake auna mutane a faɗin ƙasar Hausa.

Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai ba su ce haka ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa mafi tsawon jinin biƙi kwana sittin ne, kuma macen da jini ya ɗauke mata kafin nan, ko da da wuri ne, za ta yi wanka ta yi salla. Kwana arba'in da kowa ya riƙe ya fi kusa da ra'ayin Hanafiyya da Hambaliyya. A Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma akwai hadisin da ke nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sai ya fasa da ya lura Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da ƴaƴansu. A ɗaya gefen, Alƙur'ani ya ambaci shayarwar shekara biyu cikakku ga mai son cikawa, ya kuma ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uban yaro. Malami da tsohuwa sun haɗu a kan shayarwa da ciyarwa, sun rabu a kan shimfiɗa, ma'aurata kuma na tsakiya.

Nauyin wannan tazara bai faɗo wa kowa daidai ba. Attajirin Zango ko basaraken Birni mai mata huɗu da sa-ɗaka ba ya jin tsawon shekara biyu. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake kai hari ana shigo da bayi garin. Da yawa daga matan da ake kamowa a gidajen manya suke ƙarewa, suna ɗiban ruwa da daka da reno, wasu kuma a sa su ɗaka. Kuyangar da ta haifa wa ubangidanta matsayinta ya canja a shari'a, domin ba a sayar da ita, ɗanta mai gado ne, ita kuma tana samun ƴanci ran da ubangidan ya rasu. Hutun da matan manyan gidaje suka sha, wani ɓangarensa da gumin waɗannan bayi aka same shi. Talaka mai mace ɗaya kuwa sai haƙuri, ko ya fara tunanin ƙaro aure. Mata sun san da haka, kuma tsoron kada a yi musu kishiya suna cikin goyo ya sa wasu suka gajarta tazarar da kansu, suka ɗauki kasadar kwanika.

Zuwan likita

Faransawa sun ci Zinder a Yulin 1899, shekara guda bayan kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Sun hana cinikin bayi, abin da ya rage hannuwan aiki a manyan gidaje sannu a hankali, amma ɗakin haihuwa ya daɗe bai ji zuwansu ba. Makarantar ungozomomin zamani tana can Dakar tun 1918, kuma Nijar, da ƴan matanta kaɗan ne suka shiga lakwal, ba ta samu kaso mai yawa ba. Sai bayan ƴancin kai na 1960 aka dage da koya wa ungozomomin ƙauye tsaftar yankan cibi da gane naƙudar da ta fi ƙarfinsu. A 1988 doka ta halatta hanyoyin tazarar haihuwa na zamani, a 2005 da 2006 kuma gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar.

Likitoci sun sa wa wankan jego ido tun shekarun 1970, lokacin da Davidson da Parry a asibitin koyarwa na Zariya suka ga mata da yawa na zuwa da kumburi da haki bayan haihuwa, zuciyarsu ta gaza. Sun danganta abin da zafin wanka, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da gishirin da ke cikin kanwa. Daga baya binciken Arnaud Cénac a Yamai da na Farfesa Kamilu Karaye a Kano suka nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki yana da hannu, na Kano kuma ya ƙara da talauci da ramar uwa. Abin da ma'aikatan lafiya ke roƙo a yau bai kai a watsar da jego ba. Suna son a sassauta zafin ruwa, a rage kanwa, a ba jariri dakashi maimakon a matse a zubar, kuma mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ke yi mata wuya a kai ta asibiti, kada a ƙara mata wuta da sunan korar sanyi.

Sai dai a yawancin gidaje wannan shawara ta ƙarshe ba a hannun mai jego take ba. Izni da kuɗin mota a wurin miji suke.

Da gida ya ƙanƙance

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a jihar Damagaram kuwa 8.5. Ya kuma nuna mata uku cikin huɗu an aurar da su kafin su cika shekara 18, sama da kashi ɗaya cikin uku na matan aure kuma suna zaune da kishiya. Nisantar shimfiɗa bayan haihuwa ta dawo ƴan watanni ƙalilan, shayarwa ce ta rage tana ba yawancin mata tazara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, kusan wa'adin da kakanni suka sa, amma hanyar da suka bi suka cim masa ta riga ta toshe.

Gidan ma ya canja. Fari na 1973 da na 1984 sun watsa gandaye da yawa, samari suka saba da tafiya Najeriya da Libiya da Aljeriya. A cikin gari, malamin makaranta ko ɗan kabu-kabu yana hayar ciki da falo da matarsa, uwarta tana can Gure ko Tanut ko Magarya. Ma'aikaciya tana da hutun haihuwa na mako 14, ba ta da watannin da za ta yi a gidan iyaye. Itace ya yi tsada, wasu gidaje sun koma tukunyar gas tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011. Daga tsohon tsari, lissafin kuɗi ne ya rage wa miji, mace kuma ta rasa hannuwan da ke karɓar mata jariri da tsakar dare. A ɗakin haya babu zauren da namiji zai koma. Kukan jariri, da rashin barci, da baƙin cikin da kan sauko wa wasu mata bayan haihuwa, wanda a da ake cewa iska ce, duk a gabansa suke faruwa, alhali ba wanda ya taɓa koya masa abin da zai yi ko abin da zai ce.

Makarantar magidanta

A 2007 Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, UNFPA, ya sa aka yi bincike a jihar Damagaram kan abin da ke hana mata zuwa awo da haihuwa a asibiti, sakamakon ya nuna ikon maza da halayyarsu na kan gaba. A shekarar da ta biyo baya aka buɗe makarantun magidanta 11 na gwaji, waɗanda ake kira École des Maris da Faransanci. Babu allo babu malami. Magidanta ne da ba su wuce goma sha biyu ba, kowanne ya kai shekara 25, an shaide shi da zaman lafiya da iyalinsa, matarsa kuma tana zuwa asibiti. Sukan zauna kamar sau biyu a wata, su duba alƙaluman asibitin yankinsu tare da ma'aikatan lafiya, su ga mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a gida, wane ƙauye ne ya ja baya. Daga nan su bi majalisu da wuraren suna da ɗaurin aure suna yi wa ƴan'uwansu maza magana.

A wurare da dama sun haɗa kuɗi da ƙarfi sun gina makewayi a asibiti ko ɗakin kwanan ungozoma. Sarakuna da limamai sun mara musu baya, abin da ya sa maganar tazarar haihuwa ta samu shiga da hujjar shayarwar shekara biyu da kowa ya sani. Cikin ƴan shekaru makarantun suka haura ɗari a jihar, suka bazu sauran jihohin Nijar, ƙasashe irin su Burkina Faso da Kodebuwa suka ɗauki samfurin. Mai lura da tarihin garin zai gane dalilin karɓuwarsu. Mutumin da aka ɗora wa aikin shi ne dai mai kawo itace da ƙauri, wanda tun zamanin Tanimun jama'a ke auna mutuncinsa da yadda ya riƙe mai jego. An faɗaɗa masa aikin ne ya haɗa da raka ta awo, da tanadin kuɗin mota kafin naƙuda, da zama da ita su yanke shawarar yaushe za a sake haihuwa. Wannan na ƙarshen shi ne sabo fil, domin tsohon tsari ya tanadi wanka da nama da gara da rakiya, bai tanadi hira tsakanin mutum biyun ba.

Da sauran aiki. Sharaɗin shekara 25 ya bar matashin angon ƙarni a waje, shi da ya fi kowa buƙata, sai daga baya aka kafa ƙungiyoyin samari masu shirin aure a ƙarƙashin shirin SWEDD na ƙasashen Sahel da Bankin Duniya ya tallafa wa. Surukai da kakanni, waɗanda har yanzu su ke da ta cewa a kan zafin ruwa da yawan kanwa da ranar komawa ɗaki, ba su da kujera a makarantar maza, kuma duk gyaran da bai samu yardarsu ba a bakin ƙofar mai jego zai tsaya. A ƙauyukan Mirya da Matamai da Magarya har gobe ana tafiya goyon ciki, ana dafa ƙauri, ana kai gara. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna matsakaicin haihuwa ya sauko zuwa 6.2. Ma'auratan da ke jego a yau za su haifi ƴaƴa ƙasa da waɗanda iyayensu suka haifa, kuma da yawa a cikinsu su biyu ne za su tsara tazarar, aikin da a da gwaggo da inna da kaka ke yi musu.